Aikin Da Yaya Dini Ya Bari A Buɗe

Litinin, 15 ga Mayu, bayan azahar

Yau na koma ofis. Inna ta ce ya yi wuri, na ce mata zaman ne ya ishe ni. Kwana goma sha ɗaya ina kan tabarma ina amsa "ya haƙuri", har bakina ya koyi cewa "da godiya" ba sai na sa shi ba.

Ofishin yana nan yadda yake, ɗaki ɗaya a bayan siton ƙungiyar manoma, babbar kwamfuta tana ta gurnaninta a lungu. Ba wanda ya share, ba wanda ya buɗe taga. Alhaji Basiru, ciyaman ɗinmu, ya leƙo ya yi mini gaisuwa a tsaye, bai gama shafa addu'a ba ya ce, "To Maijidda, yanzu fa ke kaɗai ce. Biyar ga Yuni rabon iri, kin dai sani."

Na sani mana. Manoma dubu tara da ɗari biyu, ƙauyuka goma sha ɗaya, sunayensu da gonakinsu da lambobin wayarsu duk suna cikin rumbun bayanan da yayana marigayi, Yaya Zaharaddini, ya gina. Masu ba mu irin kuma sun gindaya sharaɗi, wanda kwamfuta ba ta fito da sunansa ba ko mudu ɗaya ba zai samu ba. Gero ne da dawa masu saurin nuna, kuma dole su isa hannun mutane kafin ruwan shuka.

Na nemi suna ɗaya don gwaji, sai da na ƙirga takwas kafin ya fito. Da, kafin ka ɗage yatsa ya bayyana. Na duba jerin waɗanda ke cikin rumbun. Mu biyu ne. Ni, sai zaharaddini, aiki a buɗe tun Alhamis huɗu ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya saura minti takwas na safe.

Na rufe jerin na tafi gida.

Talata, 16 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Alhaji ya dawo wai malaman gona suna ƙorafi wayoyinsu na daɗewa kafin su haɗu da ofis. Ya zauna a kujerar Yaya. Kujeru uku ne a ɗakin, amma ita ya ga dama.

Na yi masa bayani a hankali. Na ce, "Alhaji, shi wannan rumbun in aka gyara bayanin mutum ba ya goge tsohon layin. Sabo yake rubutawa, ya bar tsohon a yashe, ko da wani yana cikin karanta shi. Akwai wani ɗan aiki da ke bi a baya yana kwashe tsofaffin, mai shara muke ce masa. Wayoyin malaman gona goma sha huɗu ne, kowacce ta tuntuɓi ofis sai ta sake rubuta layukan ƙauyenta kaf, sau ba adadi a yini. In shara ta yi jinkiri, sai tsofaffin layuka su taru, neman suna ɗaya ya zama tonon bola."

Ya ce, "To a yi sharar mana, 'yata."

Na ce ana yi.

Ban yi ƙarya ba. Mai shara yana zagayawa kullum, hannu rabbana yake dawowa. Abin da ban gaya wa Alhaji ba shi ne dokarsa: in akwai mai aiki a buɗe, wanda bai tabbatar ba bai kuma janye ba, to duk layin da ya tsufa daga lokacin da ya buɗe zuwa yau, mai shara ba zai taɓa shi ba. Yana jiran mai aikin ya dawo ne. Ba a share tabarma da baƙo a kai.

Laraba, 17 ga Mayu, la'asar

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Yana nan.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya saura

Sati biyu cif.

Abin da yake ci mini rai shi ne, shi ne fa. Shi ne mutumin da ya tsayar da ni a gaban malaman gona bara, don na tashi salla na bar aiki a buɗe na minti ashirin. "Maijidda, ko gobara ake yi, ki rufe kafin ki gudu. Layi ɗaya ne, ko ki tabbatar ko ki janye." Har da buga tebur. Na yi kwana uku ba na yi masa magana, Inna tana ta dariya wai mu ƙarata, tun muna yara haka muke.

To ga malam mai wa'azi. Ya buɗe, ya miƙe, ya ce zai je Kano sayo wayar batir ya dawo kafin la'asar. Ko kofin shayinsa bai wanke ba. Ni na wanke shi ranar Litinin, sai da na jiƙa.

Allon da yake aiki a kai na babbar kwamfutar ne, ya yi duhu amma a kunne yake. Ni a ƙaramar kwamfutata nake aiki. In zan wuce ta gefen teburinsa tattare mayafi nake yi kada ya taɓa madanni.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan magariba

Gidanmu kam an iya shara. Yau Baffa ya zo aka fito da kaya tsakar gida. Riguna an raba, takalman da ya saya da ƙaramar salla an ba ladan, hular da nake tsokanarsa da ita na ganta a kan wani da ban ma san sunansa ba. Babur ɗin, abin da ya rage na babur ɗin, mai gwangwan ya zo ya ɗauka a kura. Layin wayarsa Baffa ya ce a cire a ajiye, kira ya yi yawa. Tahira, matar Yaya, tana ɗaki ba ta fitowa, ita aka ɗora wa zaman takaba, mu kuma aka ce mu yi haƙuri mu ci gaba da harkokinmu.

Na san haka ake yi. Na san ba laifi ba ne. Amma kwana goma sha bakwai kacal, ka shiga gidan nan ka nemi abin da zai nuna maka an yi wani mutum dogo mai yawan surutu, ba za ka samu ba. Wuri ɗaya ne a duniya har yanzu aka rubuta yana tsakiyar aiki.

Na yi lissafi. Arba'in ɗinsa sha biyu ga Yuni. Ma'ajiyar kwamfutar ta cika kashi saba'in da ɗaya cikin ɗari, tana ƙaruwa da kusan ɗaya a rana. Za ta kai. Rabon iri zai yi nauyi amma za a yi. Ranar arba'in in an watse, ni da kaina zan zauna in rufe masa. Sati uku kawai nake nema, kuma ba wanda na roƙa.

Litinin, 22 ga Mayu, azahar

Alhaji ya shigo da shawarar da ya kwana yana nazari. "Wai ni 'yata, ba za ki kashe ta ki kunna ba? Ni wayata in ta yi taurin kai haka nake mata."

Na dube shi na yi murmushin da na tsana a fuskar wasu. Na ce, "Alhaji, wannan ba waya ba ce. In aka kashe ta haka kawai, bayanai na iya lalacewa." Na haɗa masa da kalmomin Turanci guda uku da na san ba zai nemi fassararsu ba. Ya gyara babbar riga ya ce, "A'a, to a bar ta, ku kuka san abinku."

Mutumin da bai san inda ake kunna ta ba, shi ya faɗi magani. In aka kashe aka kunna, duk aikin da ke buɗe zai janye da kansa, mai shara ya samu hanya. Na ji haushinsa fiye da in da shirme ya faɗa.

Ya ce zai kira wani Injiniya Tajuddeen da ke Rijiyar Zaki, abokin Yaya ne tun jami'a. Ya zo gaisuwa, na tuna shi, shi ne wanda ya kasa cin abinci.

Laraba, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Awa guda muna waya da Injiniya. Ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce mai shara ɗaya ya yi kaɗan, in mayar da su uku. Ya ce kada a jira sai tsofaffin layuka sun kai kashi ashirin kafin a fara, a fara tun suna kashi biyu. Ya ce an sa wa mai sharan hutu mai tsawo tsakanin ɗiba da ɗiba don kada ya dami masu aiki, in rage hutun. Yana faɗa ina rubutawa, duk na yi yadda ya ce.

Sai ya ce, "Malama Maijidda, kafin in manta. Kin duba ko akwai wanda ya bar transaction, wato aiki, a buɗe? Don in akwai, duk wannan wahalar banza muke yi."

Na ce, "Babu."

Ko numfashi ban ja ba. Ya ce madalla, in turo masa hoton rahoton mai shara. Rahoton layi biyar ne. Na huɗun yana cewa layuka miliyan goma sha tara sun tsufa amma ba a da izinin kwashe su tukuna. Na ɗauki hoton, na yanke shi daga layi na uku, na tura.

Kafin ya ajiye ya ce, "Dini yana yawan cewa kin fi shi nutsuwa a aiki." Na ce na gode. Ina ma bai faɗa ba.

Juma'a, 26 ga Mayu, hantsi

Yanzu masu shara uku ne ke zagaye, ba hutu, kowa yana bin rumbun daga farko zuwa ƙarshe yana komawa da tsintsiyarsa fes. Kwamfutar ta yi zafi har ba a iya ɗora hannu. Neman suna ya koma daƙiƙa ashirin da shida. Gyaran Injiniya ya ƙara mata nauyi, shi kuma yana can yana tuhumar kansa, ya turo saƙo har uku yana ba ni haƙuri.

Lahadi, 28 ga Mayu, la'asar sakaliya

Hadari ya wuni a gabas bai zubar ba. Rana ba ta fito sosai ba, batiran sola suka sauka zuwa kashi talatin. Ba ranar aiki ba ce amma na je. Na cire firjin da ake sanyaya ruwa, na cire fanka, na kashe ƙwan waje. Na zauna cikin zufa ina kallon lambar batir kamar mai jinya.

Mai gadin sito ya ce, "Hajiya ƙarama, ke kam Allah ya yi miki albarka, irin wannan riƙon amana." Na ce amin.

A hanyar dawowa kowa yana gona. An gama sharar gonaki, an kai taki, an ƙone kututture, jira kawai ake yi. Gonakin nan namu ba su da faɗi, taku kaɗan ka shiga ta maƙwabci, in shuka ta ɓaci babu wata gonar da za a koma. Na san wannan. A nan aka haife ni.

Talata, 30 ga Mayu, bayan azahar

Na san kalmar sirrinsa, shi ya ba ni. In na taɓa madannin zan ga abin da yake yi. Daga kwamfutata ba ya ganuwa, aikin da ba a tabbatar ba mai shi kaɗai ke ganinsa.

Ina ta saƙe-saƙe. Ya daɗe yana cewa zai gyara yadda wayoyin malaman gona ke sake rubuta komai, wai rashin hankali ne a sake rubuta ƙauye guda don an canza gona ɗaya. Wataƙila shi ya fara. Ko kuma matan nan da gonakinsu ke da sunan mazan da ba sa nan, ya ce zai mayar musu da sunayensu kafin rabo. Ko mene ne, babban abu ne. Yaya ba zai manta da dokarsa a kan ƙaramin abu ba.

In na buɗe dole in zaɓa, ko in tabbatar ko in janye, daga nan kuma shi ke nan.

Alhamis, 1 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya saura minti takwas

Yana nan. Saura kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 3 ga Yuni, da safe

Injiniya ya kira ya ce abin ya hana shi sukuni, zai hau motar Minjibir ya zo ya gani da idonsa. Na ce kada ya wahalar da kansa, ta fara sauƙi. Ya ce da gaske? Na ce da gaske.

Daƙiƙa arba'in. Na gwada lissafi, suna ɗaya daƙiƙa arba'in, tebur shida, kwana huɗu na rabo. Zai yiwu in an fara da wuri. Na sake lissafin sau uku kuma duk sau ukun ya yiwu, don ban sa abin da zai faru in tebur shidan suka tambaya lokaci guda ba. Na san ban sa ba.

Inna ta ce na rame. Ta ce, "Ke da aikin nan kamar shi ya haife ki. Ɗan'uwanki ma haka ya yi ta yi." Ta tashi ta shiga madafa.

Litinin, 5 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na safe

Motar iri ta iso. Layi ya kai bakin masallaci tun kafin a buɗe sito. Allah ka rufa asiri.

Litinin, bayan magariba

Minti huɗu. Wani sunan minti shida. Wani ma sai wayar ta gaji ta ce a sake.

Mutum dubu biyu da ɗari uku aka kira yau. Zuwa la'asar ɗari uku da goma suka karɓa. Sauran suna tsaye cikin rana da buhunansu a naɗe a hammata, wasu tun daga ƙauyen ƙarshe a ƙafa. Da farko ana raha, wani yana cewa injin ma azumi yake yi. Bayan azahar ba mai raha. Wani dattijo ya faɗi, aka yayyafa masa ruwa. Ruwan ma mai ɗumi ne, don na cire firji.

Wata tsohuwa, Iya Kaltume, ta kutso har bakin tagata. Ta ce, "'Yar nan, ke ce ƙanwar mai injin ko? Allah ya ji ƙansa, ya kyauta namu zuwan. Duba mini, Kaltume Nababa. Irin da na ajiye ƙwari sun cinye rabi, jikoki huɗu gare ni a gaba." Na rubuta sunanta. Muka tsaya ni da ita muna kallon abin yana juyawa. Ta ce, "Ko ba ni a ciki ne?" Na ce kina ciki, Iya. Minti bakwai, sannan ya ce a sake.

Teburin Yaya taku uku ne daga inda nake zaune. Sau biyu na miƙe. Na farko na gaya wa kaina ko na rufe yanzu sharar za ta ɗauki lokaci, ta ƙara nauyi ana tsakiyar rabo. Na biyun ban gaya wa kaina komai ba, na koma na zauna.

Jami'an masu ba da irin suka ce ba za su raba da takarda ba, doka ce. Alhaji ya roƙa har ya cire hula. Suka ce gobe suna garin Kunci, daga can wasu wurare, sai sha huɗu ga wata za su iya dawowa in mun gyara. Aka rufe bayan mota da irin a ciki, mutane suna kallo ta tafi.

Ba wanda ya zage ni. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sai cewa ake yi, "Allah sarki, da mai abin yana nan."

Talata, 6 ga Yuni, hantsi

An yi ruwa da asuba, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Ruwan shuka ne, ko yaro ya sani. Gari ya watse gona, kowa da abin da ya samu a rumbunsa.

Ban je ofis ba. Na ce wa Inna kaina ke ciwo.

Laraba, 7 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na zauna a kujerarsa. Na taɓa madanni, allon ya yi haske, na sa kalmar sirri.

Layi biyu ne. Na farko ya buɗe aiki. Na biyu ya gyara lambar wayar mutum ɗaya, wani Usmanu Mai Turmi na ƙauyen gabas, inda aka sa bakwai ya mayar da ita ɗaya. Shi ke nan. Na ja sama na ja ƙasa ko akwai wani abu, babu. Babu matan da za a mayar wa gonaki, babu babban gyara. Lamba ɗaya ya canza ya miƙe ya tafi, ya manta, kamar kowa.

Na yi dariya, wallahi na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, sannan ta juye ta zama wani abu daban.

Kwana ashirin da uku ina gadin wannan.

Da na natsu na ce bari dai in tabbatar gyaran daidai ne. Na kira sabuwar lambar. Aka ɗauka, ina jin iska da ƙarar sungumi.

"Salamu alaikum, Malam Usmanu Mai Turmi?"

"Shi ne. Wa ke magana?"

"Daga ofishin ƙungiyar manoma ne, Baba. Lambarka muke gyarawa."

"Kayya, sai yanzu? Wata guda ke nan na kira dogon yaron nan na ku, ya ce yanzun nan zai gyara. Ni ko saƙon rabo ban samu ba, a bakin mutane na ji. To ba komai, yaron kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa. Ki gaishe shi."

Na ce, "Zai ji."

Na ajiye wayar. Na rubuta kalmar tabbatarwa, na danna. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta ɗauka ba.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Minti hamsin masu shara suka yi. Layuka miliyan talatin da uku suka kwashe. Gyaran Injiniya yana aiki kamar me, ashe tun farko daidai ya yi. Neman suna ya koma ƙiftawar ido. Kwamfutar ta huce, na mayar da firji.

Na kira shi na ce ta warke. Ya yi ta hamdala, ya ce me ya faru? Na ce akwai aikin da aka bari a buɗe. Ya ce na wa? Na dubi allon Yaya. Ya gane da kansa, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Malama," ya ajiye. Ban san ko zai gaya wa Alhaji ba, ban kuma roƙe shi ba.

Litinin, 12 ga Yuni, la'asar

An yi sadakar arba'in. An dafa, an raba, an watse. Alhaji ya yi jawabi a ƙofar gida wai ƙanwar marigayi ta tsaya tsayin daka har ta ceto injin. Mutane suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk da ba shi ya haife ni ba. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce.

Alhamis, 15 ga Yuni, bayan magariba

Motar ta dawo jiya. Rabo yana tafiya kamar ruwa, tebur shida ba jira, sai dai layin bai kai rabin na wancan karon ba. Yawancin mutane sun riga sun shuka. Masu zuwa karɓa suke yi su ce za su ajiye wa baɗi, in ƙwari sun bari.

Iya Kaltume ba ta zo ba. Na sa hannu na karɓi nata, na ɗora a ka, na bi ta bayan makaranta zuwa gonarta. Na same ta a duƙe tana duba shuka. Geron ya tsiro, amma tsalli-tsalli, rami uku babu komai, na huɗu ya fito da ƙyar. Inda ya kamata a ga layi kore, ƙasa ce ja.

Ta ɗago ta gane ni. Ta ce, "Ah, ƙanwar mai injin. Har da wahala haka?"

Na sauke mata. Ta kwance bakin ta ɗebo a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Iri mai kyau. Zan cike gurabun da shi, abin da Allah ya ba mu shi ke nan. Kwana tara dai ba wasa ba ne a wurin gero." Ta ɗaure. "Injin ya warke?"

Na ce ya warke.

"Me ya same shi ne wai?"

Na ce, "Ni ce, Iya. Na san maganin tun sati uku kafin rabo, na ƙi yi."

Ta dube ni. Na jira ta tambaye ni dalili, na ma shirya abin da zan faɗa tun a hanya. Ba ta tambaya ba. Ta juya ta dubi gonar daga wannan kunya zuwa waccan, sannan ta ɗauki sungumin da ke gefenta ta miƙo mini.

Ta ce, "Ni bayana ba ya duƙuwa sosai. Ki sara, ni in zuba."

Har la'asar muna yi. Ba mu kai rabi ba.